Idan Sabon Mai Gida Ya Ƙara Kuɗin Haya: Yadda Ake Cinikin Lasisin Manhajar Kwantena

Duk ɗan kasuwar hatsi a Tsiga ko Bakori ya san irin wannan rana. Ya kama hayar sito, kaka ta yi, ya cika shi da masara da waken suya yana jiran farashi ya motsa. Kwatsam sai labari ya zo cewa an sayar da ginin. Sabon mai shi ba ruwansa da nawa ake biya a da. Leƙawa zai yi ya ga buhu ɗari biyar a jibge, ya lissafa kuɗin 'yan dako da na mota da wahalar neman wani sito a tsakiyar kaka, sannan ya yanka kuɗin hayarsa daidai inda ya san zama ya fi tashi sauƙi.

Abin da ya faru ke nan da dubban bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati a faɗin duniya tun ƙarshen 2023, sai dai su sitonsu manhaja ce. Mai riƙe da waya ba ya ganin wannan ciniki, amma duk lokacin da ya tura kuɗi ko ya ciro a wurin mai POS, saƙon yana bi ta kan manyan kwamfutocin da ake kira sabar, kuma da yawa daga cikinsu a kan manhajar haya suke aiki.

Mece ce kwantena a harkar manhaja?

An aro sunan ne daga kwantenar ƙarfe irin wadda ake saukewa a tashar tsandauri ta Funtua. Amfaninta shi ne girmanta ɗaya ne a ko'ina, don haka jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela duk suna ɗaukarta ba tare da an kwance kayan ciki ba. Haka ake ƙunshe manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, a rufe ta a ƙunshi ɗaya, ta yadda za ta tashi a kan kowace sabar. Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan dabara daga 2013.

Babban banki na iya samun dubban irin waɗannan ƙunshi suna aiki lokaci guda, don haka dole a sami mai kula da su: wanda zai tayar da wadda ta faɗi, ya ƙara yawansu ranar albashi, ya rage da tsakar dare. Wannan aikin Kubernetes ne, wanda Google ya saki a 2014 ya kuma miƙa wa gidauniyar CNCF a 2015. Kyauta ne, kowa na iya saukewa.

To ina kuɗin yake shiga? Manyan kamfanoni ba sa son su dogara da kayan kyauta da babu wanda za su kira idan ya lalace ƙarfe biyu na dare. Sai su sayi Kubernetes ɗin da wani kamfani ya gyara, ya ƙara masa matakan tsaro, ya kuma ɗauki alkawarin gyara. Sanannu a ciki su ne OpenShift na Red Hat, da Rancher, da Tanzu na VMware. Dukansu uku sun sauya mai gida: IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, SUSE ya sayi Rancher a 2020, sannan Broadcom ya sayi VMware.

Abin da Broadcom ya yi

Wannan na ƙarshen ne ya fi girgiza mutane, domin VMware ba kwantena kaɗai yake riƙe da ita ba. Manhajarsa ce ke raba sabar ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kuma a kamfanoni masu yawa kwantenonin a kanta suke zaune. Wato shi ne daɓen sito, ba buhu ba.

An sanar da cinikin a watan Mayun 2022 a kan dala biliyan 61, aka kammala ranar 22 ga Nuwamba, 2023. Cikin 'yan makonni, a watan Disamba, Broadcom ya daina sayar da lasisin dindindin, wanda a da mutum ke saya sau ɗaya ya zama nasa. Komai ya koma haya. Ya kuma tattara kayayyakin VMware masu yawa ya ɗaure su a manyan ƙunshi guda biyu, VMware Cloud Foundation da vSphere Foundation. Wanda a da yake sayen abu ɗaya ko biyu, yanzu sai ya ɗauki dami guda, ko yana buƙatar sauran ko ba ya buƙata. Broadcom ya kare kansa da cewa ya rage farashin babban ƙunshin da rabi, kuma hakan ya amfani wanda dama yake amfani da komai na ciki. Wanda gishiri kaɗai ya zo saya aka ce sai ya haɗa da buhun sukari, rangwamen sukarin bai dame shi ba.

Kamfanin sadarwa na AT&T na Amurka ya kai ƙara kotu a New York a watan Agustan 2024. Ya ce sabon tayin da aka yi masa ƙari ne na kashi 1,050 cikin ɗari, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun kafin cinikin ta ba shi damar sabunta tallafin gyara a kan tsohon tsari. Kafin shekarar ta ƙare suka sasanta a wajen kotu. Abin lura a nan shi ne makamin AT&T ba girmansa ba ne kawai, wani sakin layi ne da aka rubuta tun lokacin da ake zaman lafiya.

A fara da ƙirga

Sabon tsarin yana ƙirga ƙwayoyin furosesa ne. Su ne ake nufi idan mai sayar da waya ya ce wayar octa-core ce, wato ƙwaya takwas ke aiki a cikinta. Dokar Broadcom ita ce kowace furosesa za a biya mata aƙalla ƙwaya 16, ko da ba ta kai haka ba.

A ɗauka wani kamfani yana da sabar 10, kowace da furosesa 2 masu ƙwaya 8. Ainihin abin da yake da shi ƙwaya 160 ne. Amma a takardar biya, furosesa 20 sau 16, ƙwaya 320 za a rubuta masa. Rabin kuɗin na iska ne. Idan ya tattara aikin a kan sabar 5 masu furosesa 2 na ƙwaya 16, ƙarfin aiki yana nan kusan yadda yake, lissafi kuma ya dawo 160. Bai roƙi kowa rangwame ba, ya rage rabi.

Shi ya sa ƙwararru ba sa fara ciniki da kiran dillali. Suna farawa ne da zagaya sito: sabar nawa ce, wacce ke aiki da gaske, wacce aka kunna don gwaji shekara uku da suka wuce aka manta da ita. OpenShift ma ƙwayoyi yake ƙirgawa, galibi bibbiyu, saboda haka wannan aiki yana da amfani ko da wane kamfani ake hulɗa. Akwai kuma wani dalili: yarjejeniyoyin nan kusan duk sun ba mai manhaja damar zuwa ya binciki abin da ake amfani da shi. Wanda bai san adadin kayansa ba, da alƙaluman abokin cinikinsa zai yi ciniki.

Ƙofar fita ita ce ainihin farashi

Nan ne darasin ya fi nauyi. Mai sayarwa ba ya tsoron ƙorafi, ba ya tsoron wasiƙa mai zafi. Abu ɗaya yake aunawa: shin wannan zai iya kwashe kayansa ya tafi, kuma cikin wata nawa?

Kwantena tana ba da wannan dama fiye da kowace tsohuwar manhaja, tunda an gina ta ne don ta yi tafiya. CNCF tana da gwajin da take tantance nau'o'in Kubernetes da shi, don abin da ya yi aiki a kan wannan ya yi a kan wancan. Amma a aikace ƙafa takan maƙale. Kowane kamfani yana ƙara nasa kayan daɗi, hanyarsa ta adana bayanai, tasa ta haɗa sadarwa, nasa allon kulawa. Injiniyoyi su saba da su, shekara biyar ta wuce, sai a tarar buhunan an ɗinke su da bangon sito. Kamfanin da ya tsaya a kan abin da kowane Kubernetes ke da shi ya fi wanda ya rungumi kowane ƙari sauƙin tashi.

Barazanar baki kuma ba ta aiki, domin dillalan sun ji ta sau dubu. Abin da ke aiki shi ne a ɗauki ƙaramin sashe na aiki, a mayar da shi kan wani dandali da gaske, ko Rancher ko OpenShift ko Kubernetes zalla a kan Proxmox ko Nutanix, a bar shi ya yi wata biyu ko uku yana aiki, a rubuta nawa aka kashe da awa nawa ya ci. Ranar zama, wannan takarda ce ake ajiyewa a kan tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda hayarsa ta rage wata ɗaya ba ciniki ya zo yi ba, sa hannu ya zo yi. Shekara guda kafin wa'adi ba ta yi yawa ba.

Sai dai tashi ma ba kyauta ba ne. A 2024 bankin Sterling ya bar manhajar Temenos ta ƙasar waje ya koma SeaBaaS da aka gina a Najeriya. Ba manhajar kwantena ba ce, babbar manhajar ajiyar asusun banki ce, amma masu hulɗa da bankin sun ji a jikinsu, an yi kwanaki ana fama da tura kuɗi. Duk mai lissafin ƙaura dole ya sa irin waɗannan kwanaki a ciki, ya sa kuɗin horar da ma'aikata, da watannin da zai biya haya biyu lokaci guda.

Abin da ake rubutawa a takarda

Rangwamen shekarar farko shi ya fi ɗaukar ido, kuma shi ya fi ƙarancin daraja. Wanda ya san ciniki yana faɗa ne a kan ranar sabuntawa: a rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi idan wa'adi ya cika. Ya nemi damar rage adadin ƙwayoyi idan aikinsa ya ragu, domin yawancin yarjejeniyoyi hawa kawai suka sani. Ya nemi a rubuta abin da zai faru idan aka sake sayar da kamfanin, ko dai sharuɗɗan su bi sabon mai gida, ko a ba shi damar fita ba tare da tara ba. Ya kuma nemi 'yan watannin tallafi bayan ƙarewar haya don ya kwashe kayansa a natse.

Tsawon wa'adi takobi ne mai kaifi biyu. Shekara uku tana kulle farashi, tana kuma kulle mai haya. Wanda ya riga ya yanke shawarar tashi gara ya biya tsada na shekara ɗaya. Lokacin zama ma yana da tasiri, domin masu sayarwa sun fi sassauci idan shekarar kuɗinsu ta zo ƙarshe suna neman cike alƙaluma. Ta Broadcom tana ƙarewa wajajen farkon Nuwamba, ta IBM kuma a Disamba.

Ƙarin nauyin da ke kan kamfanin Najeriya

Farashin nan da dala ake yanka shi. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajajen naira 460 a kasuwar hukuma. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a tsakiyar watan, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Lasisin dala dubu 100 da ake biya da naira miliyan 46 ya koma miliyan 150, tun kafin mai manhaja ya ƙara ko sisi. Wannan ya faɗo daidai watannin da Broadcom ya sauya tsari, duka biyu a kan gaɓa ɗaya.

Saboda haka a nan gida tambayar da wane kuɗi za a biya, da wane canji, da kuma wace rana za a ɗauki canjin, takan kai farashin kansa muhimmanci. Wasu kan nemi dillalin cikin gida ya yanka da naira ya kulle na wani lokaci, wasu su nemi biya kashi-kashi. Akwai kuma hukumar NOTAP, wadda doka ta ce a yi rajistar yarjejeniyar fasaha da kamfanin waje a wurinta kafin a fitar da kuɗin ta hanyar banki. Takardun suna cin lokaci, kuma wanda bai sa su a jadawalinsa ba zai iya makara wajen sabuntawa alhali kuɗinsa na hannu.

Har kayan kyauta ba su tsira ba

Matashin da ke koyon wannan sana'a zai iya cewa shi ba ya biyan kowa, to me ya shafe shi? A Disambar 2020, bayan IBM ya sayi Red Hat, aka sanar da cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za a daina a ƙarshen 2021. Mutane suka yi ta gudu zuwa Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda aka kafa don cike giɓin. A 2025 kuma Broadcom ya janye mafi yawan kwantenonin Bitnami na kyauta zuwa wani tsohon rumbu da ba a sabunta shi, ya bar cikakken kayan ga masu biya. Dubban ƙananan ayyuka sun dogara da su ba tare da masu su sun taɓa tambayar na wane ne ba.

A gefe guda, duk wannan hargitsi ya sa kamfanoni neman mutanen da suka iya ƙirga sabar, suka iya ɗauke kwantena daga wani dandali zuwa wani. Koyon hakan ba ya buƙatar ɗakin sabar mai sanyi. K3s, ƙaramin Kubernetes da Rancher ya ƙirƙira, yana tashi a kan tsohuwar laftof mai Linux. Ɗalibi a Tsiga ko Malumfashi zai iya ɗora ƙaramar manhaja a kai, ya ɗauki fayilolinta ya gwada tayar da ita a kan Minikube, ya rubuta duk wurin da ta ƙi tashi da dalilin ƙin.