Kafin ki sayi obin na jikin kabad

Uwargida, kar kyan obin a shago ya ruɗe ki, fara duba wutar gidanki. Na lantarki yakan ja wat 2,000 zuwa 3,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma kin san halin wuta. In gashin kaji da kek sana'arki ce, na gas ya fi miki, amma tukunyar gas ɗin ta zauna a waje.

Ki sayo obin ɗin kafin kafinta ya yanka katako. Yawanci faɗinsu santimita 60 ne, sai dai tsayi yakan bambanta. A bar sarari ta baya zafi ya riƙa fita. In na lantarki ne, mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban, kar a haɗa shi soket ɗaya da firji.