Wa Ya Fi Albashi a Tarayyar Sobiyet: Likita ko Mai Haƙar Kwal?

Yawancinmu idan aka tambaye mu aikin da muke so, sai mu ce likita ko injiniya, kuma a zuci har da tunanin albashi. A darasinmu na yau za mu leƙa wata ƙasa da gwamnati ce take yanke wa kowa albashi, mu ga wa ta ɗora a sama, wa ta bari a ƙasa, da kuma dalilinta.

Wace ƙasa ce?

Tarayyar Sobiyet ta kafu a 1922, bayan juyin juya halin da Lenin ya jagoranta a Rasha a 1917, ta kuma rushe a 1991. Ta haɗa jamhuriyoyi 15, ciki har da Rasha da Yukren, kuma babban birninta Mosko. Tsarinta shi ne kwaminisanci, wanda wasu ke kira gurguzu. Masana'antu da bankuna da asibitoci da manyan kantuna duk na gwamnati ne. Wata hukuma mai suna Gosplan ce take tsara abin da za a ƙera da yawansa, kuma daga 1928 aka fara tafiya da shirin shekara biyar-biyar. Tunda kusan kowa ma'aikacin gwamnati ne, ba a ciniki a kan albashi. Daga sama ake rubuto shi.

Albashi ɗaya ake ba kowa?

Mutane da yawa suna zaton haka, amma a'a. A 1931 shugaban ƙasar, Stalin, ya fito fili ya soki daidaita albashi. Hujjarsa ita ce, idan gwani da ɗan koyo suna karɓar abu ɗaya, babu wanda zai wahalar da kansa wajen koyon aiki, kuma gwanaye za su yi ta yawo daga wannan masana'anta zuwa waccan. Daga nan aka ƙarfafa biyan ma'aikaci gwargwadon yawan abin da ya ƙera.

A 1935 aka ba da labarin wani mai haƙar kwal a yankin Donbas, mai suna Stakhanov, cewa ya haƙo tan 102 cikin ƙasa da awa shida, wato ninki 14 na abin da aka ƙayyade masa. Gaskiyar magana, akwai waɗanda suka taimaka masa a ramin. Amma gwamnati ta mai da shi abin koyi, ta ba shi kyaututtuka, sannan ta ƙara yawan aikin da ake bukata daga sauran ma'aikata.

Yadda ake yanke albashi

A 1955 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da aiki da albashi. Abubuwa huɗu aka fi dubawa:

1. Ƙwarewa. Ma'aikatan masana'antu suna da matakai, yawanci daga na 1 zuwa na 6, kamar yadda ma'aikatan gwamnati a Najeriya suke da mataki na 1 zuwa na 17.
2. Wahala da haɗarin aikin. Mai aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a bakin wutar narka ƙarfe yana samun ƙari.
3. Wurin aiki. Wanda ya yarda ya tafi Saiberiya ko can ƙuryar arewa, inda sanyi yake daskarar da ruwa wata da watanni, ana ƙara masa kaso mai tsoka.
4. Muhimmancin fannin a idon gwamnati. Kwal da ƙarfe da makamai su ne a gaba.

Wa ke sama, wa ke ƙasa?

Sunan kuɗinsu rubul, kuma kobek 100 ne rubul ɗaya. Ga matsakaicin albashin wata a 1985, bisa alƙaluman gwamnatinsu:

Masu haƙar kwal: fiye da rubul 300
Masu gine-gine: kimanin rubul 236
Masana'antu gaba ɗaya: kimanin rubul 210
Matsakaicin ƙasa baki ɗaya: kimanin rubul 190
Fannin ilimi: kimanin rubul 150
Fannin lafiya: kimanin rubul 133
Mafi ƙarancin albashi: rubul 70

Mu lura cewa lissafin fannin lafiya ya haɗa da nas-nas da masu shara, ba likitoci kaɗai ba. Duk da haka, likitan da yake duba marasa lafiya a asibitin unguwa bai kama ƙafar mai haƙar kwal ba. Sabon injiniya da ya fito daga jami'a yakan fara da kimanin rubul 120, alhali ƙwararren ma'aikacin da yake ƙarƙashinsa ya fi shi nesa ba kusa ba. A can ƙololuwa kuma akwai manyan farfesoshi da janar-janar na soja da ministoci, waɗanda suke karɓar ninkin-ba-ninkin na talaka.

Manoman gonakin haɗaka su suka fi daɗewa suna shan wuya. Shekaru da yawa ana rubuta musu kwanakin aiki ne a littafi, sai bayan girbi, idan gwamnati ta ɗebi nata, a raba musu abin da ya rage. Sai a 1966 aka fara ba su tabbataccen biya.

Me ya sa aka yi haka?

Dalili na farko, masu tsara tattalin arzikin sun raba ayyuka gida biyu: masu samar da kaya da waɗanda ba sa samarwa. Koyarwa da jinya sun faɗa a gida na biyu, domin ba a auna su da tan ko mita. Na biyu, daga 1956 ma'aikaci yana iya barin aikinsa ya nemi wani, don haka dole a sa kuɗi mai kauri kafin mutum ya yarda ya shiga rami. Na uku, karatun jami'a kyauta ne, har ana ba ɗalibai alawus, sannan a tura wanda ya gama wurin da zai yi aiki na shekara uku, kusan kamar bautar ƙasa a wurinmu. Sai gwamnati take ganin ta riga ta biya shi da ilimi. Akwai kuma abin lura: kusan kashi 70 cikin ɗari na likitocin ƙasar mata ne, haka ma yawancin malaman makaranta, kuma fannonin da mata suka fi yawa su ne masu ƙaramin albashi.

Me albashin yake saye?

Lamba kaɗai ba ta isa ba, sai mun duba farashi. Shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko kobek 5 ne, wato rubul ɗaya zai kai mutum sau 20. Burodi yana da arha, kuɗin hayar gidan gwamnati kaɗan ne, makaranta da asibiti kuma kyauta. Amma ƙaramar mota ƙirar Zhiguli ta kai kimanin rubul 5,500 a farkon shekarun 1970, lokacin da matsakaicin albashi yake kimanin rubul 122. Mun yi lissafi: albashin wata 45 ke nan, ba ci ba sha. Kuma ko mutum ya tara kuɗin, sai ya rubuta sunansa ya jira shekaru.

Wannan ita ce babbar matsalar: ga kuɗi a hannu, ga kanti babu kaya. Mutane sukan bi dogon layi saboda nama ko takalmi. Manyan jami'an jam'iyya kuwa suna da kantunansu na musamman da asibitocinsu. Mai sayar da nama a kanti, ko da albashinsa kaɗan ne, yana iya ɓoye wa na kusa da shi. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Idan gwamnati ce mai biya kuma ita ce mai sa farashi, ma'aikaci ba shi da wurin kai kuka. A watan Yunin 1962 an ƙara kuɗin nama da man shanu, a daidai lokacin da aka rage ladan aiki a wata masana'antar kan jirgin ƙasa da ke garin Novocherkassk. Ma'aikata suka yi zanga-zanga, aka buɗe musu wuta, fiye da mutum 20 suka mutu. An ɓoye labarin kusan shekara 30.

Abin da muka koya

Jadawalin albashi yana nuna abin da ƙasa ta fi darajantawa. Tarayyar Sobiyet ta girmama mai aikin ƙarfi da haɗari, ta rage tazara tsakanin mai samu da marar samu, kuma wannan abin yabo ne. Amma ta bar malami da likita a baya, alhali malami ne ya koyar da injiniyan da ya tsara ramin kwal, likita kuma shi ke duba huhun mai haƙar. Mu da za mu zaɓi fannin karatu nan ba da daɗewa ba, ya kamata mu san cewa albashi mutane ne suke yanke shi, kuma yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙarancinsa ba ya nufin aikin ba shi da amfani.

Tambayoyin mako

1. Mai karɓar rubul 70, sau nawa albashinsa zai shigar da shi jirgin ƙarƙashin ƙasa?
2. Da ku ne masu yanke albashi, wa za ku sa a gaba tsakanin malami da likita da manomi da direba? Ku kawo hujja.

A miƙa amsa ga kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa waɗanda suka fi ma'ana a wannan allo. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.

Daga wakilinmu na aji biyu, ƙaramar sakandare.