Darasi: Yadda Ake Kula Da Laburaren Haɗaka A Kan Sabar

A watan Maris na 2021, masu wayoyin Android da dama sun ga Gmail da wasu manhajoji suna rufe kansu da zarar an buɗe su. Sabuntawar da aka yi wa Android System WebView ce ta zo da matsala, su kuwa manhajojin duk da shi suka dogara. Haka ma ke faruwa a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko manhajar da jama'a ke amfani da ita.

Mene ne laburaren haɗaka?

Fayil ne mai ɗauke da ayyukan da manhajoji da yawa ke ara, maimakon kowace ta rubuta nata. A Linux sunansa yana ɗauke da .so, misali libssl.so.3 na OpenSSL, mai ɓoye bayanan da ke yawo tsakanin waya da shafi. Kamar rijiyar unguwa yake: in ta gurɓace, kowane gida ya sha.

A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL 1.0.1 zuwa 1.0.1f. Ta kan bai wa maharin damar kwashe bayanai har kilobayit 64 a kowace buƙata, ciki har da kalmomin sirri. Rashin sabuntawa haɗari ne, sabuntawa ido rufe ma haɗari ne: Ubuntu 22.04 ya koma OpenSSL 3, don haka manhajar da ke neman libssl.so.1.1 ba za ta tashi ba.

Matakan kariya

1. A san wa ya dogara da wa. Umarnin ldd yana nuna laburaren da manhaja ke buƙata.

2. A fara gwada sabuntawa a sabar gwaji mai kama da ta aiki.

3. A bar apt ko dnf su girka laburare. Kwafa fayil da hannu cikin /usr/lib yana rikita lissafinsu.

4. Bayan sabuntawa, a sake kunna manhajojin da abin ya shafa, domin wadda ke gudana tana riƙe da tsohon laburare a ƙwaƙwalwa. Manhajar needrestart tana zaƙulo su.

5. In manhaja biyu na buƙatar siga daban-daban, a raba su da Docker, kowace da kayanta.

6. Ana iya tsayar da siga da apt-mark hold, amma na ɗan lokaci, tunda hakan yana toshe gyaran tsaro.

Kafin a taɓa komai, a adana kwafin sabar, a kuma yi aikin lokacin da masu ziyara suka yi ƙaranci.