Karatu: Dodon cikin kwamfuta

Kwamfuta na'ura ce mai ajiyar takardu da hotuna. Ita ma tana kamuwa da cuta. Amma cutarta, mutane ne ke ƙirƙiro ta.

A shekara ta 2016, wata cuta mai suna Jigsaw ta ɓullo. Tana zuwa ne a ɓoye cikin saƙon intanet. Da an buɗe saƙon, sai ta kulle takardun da ke ciki. Sai fuskar wata ƴar tsana mai ban tsoro ta bayyana, tana neman kuɗin fansa. Kowace awa tana shafe wasu takardu. In aka kashe na'urar aka sake kunnawa, sai ta shafe 1000 a lokaci guda.

Me ya sa ake sa wannan fuska? Don mai tsoro ba ya tsayawa tunani, biya yake yi. Alhali kuwa masana sun samo mabuɗin Jigsaw, sun raba shi kyauta.

A shekarar nan kuma aka yi MEMZ, don wasa kawai. Amma in ta kama kwamfuta, sai ta ƙi tashi, sai hoton kyanwa ke rawa. Wasan da ya ɓata kayan wani ba wasa ba ne.

Mu kiyaye:
1. Kada mu buɗe saƙon da ba mu san mai shi ba.
2. Mu aje kwafin takardunmu a wani wuri daban.
3. In abin ya faru, mu nemi gwani.

Tambaya: me ya sa ɓarawon yake tsorata mutane?