Gigin Tsufa ko Cuta? Karkacewar Naɗin Furotin da Matsalar Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

A Darki ta ƙaramar hukumar Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa ko ya ɓace a hanyar masallaci, akan ce "gigin tsufa ne" ko "ya ruɗe". Wannan maƙala tana nuna cewa kalmomin sun jingina wa shekaru abin da sau da yawa cuta ce ta ƙwaƙwalwa.

2.0 Naɗin Furotin

Furotin zare ne da jiki ke harhaɗawa daga sinadaran amino iri 20. Ba ya aiki sai ya naɗe cikin siffa ta musamman, kamar yadda ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi daidai. Idan naɗin ya karkace, furotin yakan manne da 'yan'uwansa su dunƙule, har su lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda galibi ba sa sabuntuwa.

A cutar mantuwa da Alois Alzheimer ya bayyana a Jamus a 1906, furotin biyu ne ke taruwa: amiloyid-beta a tsakanin ƙwayoyin, da tawu a cikinsu. A cutar makyarkyata da James Parkinson ya siffanta a 1817 kuwa, alfa-sinukilin ke dunƙulewa. A 1982 Stanley Prusiner ya raɗa sunan firiyon ga karkataccen furotin da ke karkatar da mai lafiya. Shi ne sanadin cutar haukan shanu da aka gano a Birtaniya a 1986.

3.0 Shaida Daga Ibadan

Binciken haɗin gwiwa da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka ya gano cewa cutar Alzheimer ta fi ƙaranci a tsakanin tsofaffin Yarbawa bisa ga baƙaƙen fatan Amurka. Da shekaru kaɗai ne sanadi, da ba a ga wannan bambanci ba.

4.0 Kammalawa

Abin da aka kira tsufa, ba a kai shi asibiti. Ƙarshenta sai a bar dattijo a ɗaki, ko a zargi tsohuwa da maita ko shafar iska. Don haka maƙalar ta ba da shawarar a riƙa cewa "cutar mantuwa" a maimakon "gigin tsufa", a kuma daidaita "karkacewar naɗin furotin" a ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi.