Kafin a Sayar da Gona Domin Karatun Jirgi

'Ya'yana na Dambatta da Makoɗa da Minjibir da kewaye, ina jin yadda da yawanku ke burin zama matuƙan jirgin sama, kuma ban ga laifinku ba. Mu Kanawa ba baƙin jirgi ba ne. A Kano jirgi ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma a gabanmu marigayi Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air, ya yi ta jigilar alhazai.

Sai dai ku lura, mutum biyu ne ke zama a gaban jirgi. Waɗanda ke sa ya tashi lafiya ya sauka lafiya sun fi haka yawa, kuma galibinsu a ƙasa suke. Akwai injiniyan da ke duba inji da birki da wayoyin lantarki, akwai na kan hasumiya mai ba jirage hanya, akwai mai lissafin mai da nauyin kaya kafin a tashi, ga masu gyaran na'urorin sadarwa, ga 'yan kwana-kwana. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba tuƙi kaɗai take koyarwa ba. Tana da sashen gyaran jirgi, da na kula da zirga-zirgar sama, da na sadarwa. A Kaduna ma akwai makarantar AFIT ta sojan sama, inda ake karatun injiniya.

Abin da ya sa nake jan hankalinku shi ne abin da muka gani da idonmu. A mulkin Kwankwaso na 2011 zuwa 2015, gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Yaran sun yi ƙoƙari, sun dawo da lasisi, amma da dama sun daɗe a gida ba aiki. Kamfani ba ya miƙa wa sabon matuƙi jirgi sai ya yi ƙarin horo a kan ainihin irin jirgin da zai tuƙa, kamar Boeing 737, kuma wannan horo da dala ake biyansa. To, waɗannan gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu. Ina ga yaron da mahaifinsa ya sayar da gonar gado? A yankinmu gonaki a manne suke da juna, shekara da shekaru ana zuba musu taki, kuma wanda ya saki tasa da wuya ya sake samun kamarta.

Idan da gaske kuke, tun daga sakandare ake farawa. Ku riƙe lissafi da fizis da Turanci, domin da Turanci matuƙi ke magana da hasumiya. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa tana nan kusa da mu. Ku kiyaye lafiyarku, don likita zai gwada ido da kunne da zuciya, kuma mai shan ƙwaya ba shi da gurbi a wannan sana'a. Wanda ya zaɓi gyara ya san cewa hannu zai riƙa sawa a littafi cewa jirgi ya dace ya tashi, rayukan mutane na rataye da sa hannun nan. Yaron da ya saba da "a bar shi haka, zai kai" a garejin babur sai ya yar da wannan hali tun yanzu. 'Ya'yanmu mata ma da su nake, aikin hasumiya da na lissafin tafiya ba ƙarfin damtse suke nema ba.

Ku kuma iyaye, 'yan'uwana, kada ku damƙa kuɗi ga wanda ya ce zai samo wa yaro gurbi ta bayan fage. Ku tabbata hukumar kula da harkokin jiragen sama, NCAA, ta amince da makarantar da za ku kai yaro. Kafin ku kira dillalin gona, ku hau mota ku je Zariya da yaron, ku tambayi kuɗin kowane sashe da tsawon karatunsa, sannan ku dawo gida a yi shawara.