Idan Kotu Ta Riƙe Maka Dukiya, Takardar Rantsuwa Ce Bakinka

A ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006, hukumar EFCC na iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai, ba tare da mai dukiya yana wurin ba, ta karɓo umarnin wucin gadi na riƙe kuɗi ko gida. Daga nan a buga sanarwa a jarida, a ba mai dukiyar wa'adi, galibi kwana 14, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a mallaka wa gwamnati. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Patience Jonathan a 2019 cewa wannan tsari bai saɓa wa tsarin mulki ba. Saboda haka kukan cewa ba a saurare ka ba tun farko ba ya ɓalle umarnin. Hujja ce ke ɓalle shi, kuma a wannan mataki takardar rantsuwa alƙali ke karantawa.

A nan mutanenmu ke faɗuwa, musamman 'yan kasuwa da ke hada-hadar miliyoyi bisa amana ba rubutu. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce takardar rantsuwa ta ƙunshi abin da ya faru kawai, ban da muhawarar lauya. Abin da ka ji daga wani kuwa, sai ka faɗi sunansa da lokaci da wurin da ya faɗa maka. "Guminmu ne" ba hujja ba ce. Rasit, takardar cinikin fili, bayanan banki da rantsuwar abokin ciniki su ne hujja. Amma ma'aunin nan ya hau kan hukuma ma: jami'in da ya rantse bisa "bayanan sirri" da bai faɗi tushensu ba, bai kamata a ɗaga masa ƙafa ba.

Masu bincike kan ce buɗe ƙofa ga kowace hujja zai ba ɓarawo damar jan lokaci. Damuwar tana da tushe, sai dai dukiyar tana hannun kotu duk tsawon sauraron, ba inda za ta. Wanda jinkiri ke cutarwa shi ne mai gaskiyar da aka rufe wa asusu, ma'aikata na jiran albashi. In rantsuwar ɓangarorin biyu ta ci karo, tun shari'ar Falobi ta 1976 hanya a buɗe take: a kira waɗanda suka rantse, a yi musu tambayoyi a gaban alƙali.